Jama'a ina ake samun artikil na kimiyya in ba ka da kuɗin saye?

Zeinabou: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Don Allah taimako nake nema wallahi kaina ya ɗau zafi. Ina mastar 2 a jeografi nan Yamai, memwar ɗina a kan farfaɗo da ƙasar da ta mutu ne a yankin Keita da Illela, su tassa (ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa) da demi-lin (ramuka masu siffar rabin wata) da sauransu. Ankadirer ɗina, malamin da ke kula da aikin, ya maido mini da babin farko ya ce bibliyografi ɗin ba nauyi, wai duk rahoton ONG ne da memwar ɗin waɗanda suka gabace ni, sai na kawo artikil na mujallun kimiyya aƙalla 20 kafin ya sake dubawa. To na shiga Google na ga wasu masu kyau amma da na danna sai a ce in biya, akwai wanda suke neman dalar Amurka 35, kusan jika 20 kenan fa a kan shafi 12! Ku da kuka riga kuka yi sutnans, wato kare memwar a gaban malamai, yaya kuka yi?

Laouali: Wa alaikumus salam. Sci-Hub ƙanwata, shafin da ke buɗe artikil na kuɗi kyauta. Ki kwafi DOI ki manna ki danna shi kenan an gama magana

Zeinabou: Mene ne DOI kuma Yaya?

Laouali: Lambar da ke jikin kowane artikil, tana farawa da 10 sai ɗigo sai wasu lambobi da haruffa, galibi tana sama kusa da sunan mujallar ko a ƙasan shafin farko

Abdoul-Aziz: Akwai wani yaro mai siber yana samo wa mutane, dala ɗari ɗari yake karɓa kowane PDF, in kina so in turo miki lambarsa a firibe

Hajiya Rakia: Abdoul-Aziz kar ka turo mata komai. Zeinabou ƴata kar ki ba kowa ko dala. Aikina kenan, a laburare nake aiki tun wasunku suna firamare, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne yaran nan da ke sayar muku da PDF yawancin abin da suke ba ku kyauta yake, ku ne dai ba ku san ƙofar ba. Bari in idar da la'asar in zo in yi miki bayani a tsanake.

Sani ɗan Keita: To ga mu ga aiki a kan garinmu. Zeinabou tun kahin Hajiya ta dawo, mi kike rubutawa in kin shiga nema? Don ni lokacin da nike nawa nan anka sha ni

Zeinabou: Ina rubuta taken memwar ɗin ne gaba ɗaya, da Faransanci

Sani ɗan Keita: Hahaha to ai nan matsalar take. Take mai kalma 18 wa zai ba ki shi? Kuma ba Google na kowa da kowa ba, Google Scholar za ki shiga, shi aikin masana kawai shika kawowa. Kalma biyu ko ukku sun isa. Sannan ki sani waɗanda sunka hi yin rubutu kan wanga abu da Ingilishi sunka yi, kuma ba tassa suka cewa ba kullum, mutanen Burkina zaï suka ce mishi kuma sunan nasu ya hi yaɗuwa, dama daga Yatenga can Burkina manoman Illela sunka gano gyararren salon da anka kai su ziyara ƙarshen shekarun 1980. In kin sa tassa kaɗai kaɗan za ki gani, ki sa zai pits ko planting pits ko half-moons tare da Niger ki ga ikon Allah.

Zeinabou: Na gwada yanzun nan. Ya kawo da yawa amma rabi duk Najeriya ce, har da wani abu wai Aspergillus niger, shi kuma daga ina?

Dr Mahamadou: Barka da shigowa sahun masu bincike a kan Nijar. Aspergillus niger wani naman gwari ne baƙi, irin wanda ke fitowa a jikin albasa in ta fara ruɓa, masu ilimin halittu sun yi rubutu dubbai a kansa, duk wanda ya nemi sunan ƙasarmu sai ya ci karo da shi, shi da Niger Delta. Ki sa alamar ragewa a gaban kalmar da ba kya so, a manne ba tazara, kamar haka -Nigeria -Aspergillus. Amma hattara da cire Najeriya, wani lokaci artikil mai kyau a kan Tahoua yana ambaton Najeriya sau ɗaya sai ki rasa shi. Abin da ya fi shi ne ki sa sunan wuri, Keita, Illela, Badaguichiri, Tahoua, ko "Ader Doutchi Maggia" a cikin alamar zance don ya nemo su a jere yadda kika rubuta. Ki gwada Ader ki gwada Adar, ba duka ke rubuta shi iri ɗaya ba.

Hajiya Rakia: To na dawo. Dokta da Sani sun faɗi na nema, ni bari in faɗi na buɗewa. Akwai shiri ana ce masa Research4Life, haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin buga mujallu. Ɓangare biyar gare shi. Hinari na lafiya, shi aka fara da shi a 2002 ƙarƙashin OMS, hukumar lafiya ta duniya. AGORA na noma da abinci, na FAO, 2003. OARE na muhalli, 2006. ARDI na fasaha da ƙirƙira, sai GOALI na shari'a wanda ya zo daga baya a 2018. Ke naki AGORA da OARE ne. An raba ƙasashe rukuni biyu, na A kyauta na B su biya ɗan wani abu a shekara, Nijar tana A, ma'ana ba a biyan ko tamma. Sai dai ba mutum ke rajista da kansa ba, cibiya ce ke yi, jami'a ko cibiyar bincike ko asibitin koyarwa ko ma'aikatar gwamnati, sai a ba mai kula da laburare sunan shiga da modipas. Don haka abin da za ki yi gobe da safe ki je laburarenku ki tambayi wanda ke kan tebur, kai tsaye, kuna da Research4Life? Ki faɗi sunan haka. In kika ce "ina neman littafi kan tassa" kanta zai nuna miki.

Abdoul-Aziz: Tanti to ki taimaka ki ajiye mana modipas ɗin naku nan a gurup kowa ya huta mana

Hajiya Rakia: Ba zan yi ba ɗana, kuma ba rowa ba ce. Sharaɗin shi ne ma'aikata da ɗaliban cibiyar kawai, in suka ga ana shiga da shi daga ko'ina ko ana kwasar mujalla sukutum sai su rufe, kuma ba kai kaɗai za a rufe wa ba, kowa da kowa ne har malamai. Gurup ɗin nan mutum nawa ne, kuma wa ya san inda za a tura shi gaba? Ka je naku. In sun ce ba su da shi ka ce su yi rajista, fom ne a intanet shugaban cibiya da mai laburare su cika.

Laouali: Tanti da girmanki amma gaskiya wannan doguwar hanya ce. Yarinya na da sutnans a gaba, ta hau faba-faba ta haye gada ta je ta tarar mai modipas ɗin ya tafi suna ko an ɗauke kuran, alhali ga abu a wayarta minti ɗaya

Malam Issoufou: Laouali ka dai faɗa mata gaskiyar abin da kake tura ta. Shafin nan na sata ne, ba wani suna gare shi ba. Kamfanin Elsevier ya kai su kotu a Amurka kuma a 2017 aka yanke musu biyan dalar Amurka miliyan 15. Haƙƙin mutane ne, mu kuma Musulmi ne, ba don abu ya zo da sauƙi ya zama halal ba.

Laouali: Malam haƙƙin wa? Tambaya nake tsakani da Allah. Bature ya zo Keita, ya zauna da manoma, su ba shi fura su zaga da shi gonakinsu, a haɗa shi da ɗalibinmu ya yi masa tafinta ya auna masa ramuka cikin rana, ya koma ya rubuta, sannan ɗiyar manomin nan in tana son karanta abin da aka rubuta kan gonar ubanta sai ta biya jika 20? Wadda ta kafa shafin ma Alexandra Elbakyan ɗaliba ce a Kazakistan a 2011, irin matsalarmu ce ta ishe ta

Malam Issoufou: Zalunci ne ban musa ba. Amma in mai kanti ya tsauwala farashi ba shi ke halatta maka fasa kantin ba, musamman tunda ga Hajiya ta nuna ƙofa a buɗe

Dr Mahamadou: Bari in shiga tsakaninku don akwai abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Marubucin artikil ba ya samun ko sisi daga kuɗin nan. Ni na buga, ban taɓa karɓar komai ba, waɗanda suka tantance aikin su ma kyauta suka yi, kuɗin na kamfani ne. Wasu mujallun ma marubucin ne ke biya don a bar aikinsa a buɗe, kuma kuɗin kan kai dalar Amurka dubu 2 ko 3. Saboda haka fushin Laouali yana da tushe. Amma abin da wannan ke nufi a wajenki Zeinabou shi ne marubucin ba abokin gabarki ba ne, so yake a karanta shi. Adireshin mel ɗinsa yana shafin farko, ko ba ki biya ba kina ganinsa. Ki rubuta masa layi uku, ni ɗaliba ce a Yamai ina aiki a kan kaza, ba ni da hanyar samun artikil ɗinka mai take kaza, ko za ka turo mini. Ko Ingilishinki bai nuna ba ki rubuta, ba jarrabawa ba ce. Ni duk wanda ya rubuto mini ranar nake tura masa har in ƙara masa da wasu, don daɗi nake ji wani ya kula. Ba duka ke amsawa ba, wasu sun canza wurin aiki wasu sun rasu, amma da yawa suna amsawa.

Hajiya Rakia: Ni ba zan shiga fatawa ba, na bar wa Malam. Abin da na sani ta fuskar aiki shi ne shafin da Laouali ke yabo ba ya nema miki komai, sai kin riga kin san abin da kike so, kuma sabbin artikil na ƴan shekarun nan ba su cika samuwa a ciki ba. Ankadirer kuma abin da zai fara dubawa shi ne shekarun, in ya ga ba ki da komai bayan 2020 zai sake maido miki. Kuma ni ma ba zan ɓoye ba, Research4Life ba komai ke ciki ba, akwai kamfanonin da ba su buɗe duk mujallunsu ga kowace ƙasa ba, za ki danna wani ya ƙi. Shi ya sa ba a dogara da hanya ɗaya.

Zeinabou: Tanti to in ya ƙi fa?

Hajiya Rakia: Ki koma Google Scholar ki dubi ƙasan sakamakon, akwai ɗan rubutu da ke nuna yawan bersiyon ɗin artikil ɗin, ki danna, sau da yawa ɗaya daga ciki PDF ne da marubucin ya ajiye a rumbun jami'arsa ko a HAL, rumbun Faransawa. In da ordinatar kike aiki ki sa Unpaywall a burawza, ɗan kwaɗo ne ke fitowa a gefen shafi, in ya yi kore akwai kwafin halal kyauta. JSTOR kuma, wani rumbun mujallu ne, ki buɗe kont da mel ɗinki, suna barin mutum ya karanta wasu artikil kyauta kowane wata a kan allo, telesharje ne dai ba ya yiwuwa, sai ki riƙa rubuta not. Na Faransanci kuwa mun fi kowa sa'a, Persée duk kyauta ne, tsofaffin lambobin manyan mujallun Faransa suna can, OpenEdition ma yawanci a buɗe yake, Cairn ne ke da na kuɗi amma shi ma bayan wasu shekaru mujallu da yawa suna buɗe tsofaffin. Kar ki manta da Horizon Pleins Textes na IRD, cibiyar binciken Faransa da a da ake kira ORSTOM, da yawa daga abin da masu bincikenta suka rubuta kan ƙasa da ruwa da damina a Nijar tun zamanin da, an yi sikan an zuba. Ke mai jeografi nan ne gidanki. Sai AJOL na mujallun Afirka.

Sani ɗan Keita: Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara, kar ki bi 20 ɗin nan ɗaya ɗaya kina wahala. Samu guda mai kyau na kwanan nan, tahi ƙarshenshi ki karanta jerin waɗanda ya ambata, nan kin samu na baya. Sannan ki koma Scholar ki danna Cité par a ƙarƙashinshi, nan kin samu waɗanda sunka zo bayanshi. In kin yi haka ga artikil ukku za ki ga sunaye guda suna ta dawowa, irin su Chris Reij ba yadda za ki yi aikin tassa ba ki gamu da shi ba, to waɗanga da ke dawowa su ne ankadirer ke son gani

Nana Hadiza: Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri. Me ya sa ba za a tambayi ChatGPT kawai ya ba da jerin ba? Ni ya ba ni 15 cikin minti ɗaya da sunaye da shekaru da komai

Dr Mahamadou: Nana Hadiza kin buɗe su kin gani da idonki?

Nana Hadiza: Ban kai ga duka ba tukuna Dokta

Dr Mahamadou: To yau kafin ki kwanta ki ɗauki kowanne ki sa takensa cikin alamar zance a Google Scholar, wanda ke da DOI ki manna shi a doi.org. Wanda bai fito ba kar ki yarda da shi, mai yiwuwa babu shi a duniya. Na'urar nan tana iya ƙera sunan artikil da bai taɓa wanzuwa ba, ta ɗauki sunan masani na gaske da mujalla ta gaske ta haɗa musu take da lambar shafi, ya yi kyau har ya fi na gaskiya tsari. Na zauna a juri inda wani abokin aiki ya tambayi ɗalibi ina ya samu wani artikil, ɗalibin ya ce a intanet, malamin ya ce to sunana ne a jiki kuma ban taɓa rubuta shi ba. Iyayen yaron suna zaune a baya da kulolin abinci an zo biki. Ba na so in sake ganin irin wannan. Ki yi amfani da ita ta taya ki fassara ko ta ba ki kalmomin nema da Ingilishi, wannan ba laifi, amma duk abin da ba ki buɗe kin karanta ba kar ya shiga bibliyografi.

Nana Hadiza: Innalillahi. To bari in je in duba

Abdoul-Aziz: Dokta tunda ana maganar, ni kullum mel na shigo mini daga wasu mujallu International Journal of kaza kaza wai in turo aiki za su buga cikin kwana 5, su ma ana iya ambatonsu?

Dr Mahamadou: Guje su. Mujallar kirki tana tura aikinka ga masana biyu ko uku da ba ka san su ba su tsefe shi, su maido maka ka gyara, wata shida ko shekara ba abin mamaki ba ne. Wadda ta ce kwana 5 kuɗinka take so, ba wanda ya karanta. Wani ma'aikacin laburare a Amurka Jeffrey Beall ya daɗe yana tara sunayensu kafin ya sauke jerin a 2017. Yanzu abin da ya fi sauƙi in mujallar ta ce ita a buɗe take ka duba ko tana cikin DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, su suna tantancewa kafin su sa. Ka duba kuma su wane ne kwamitin editocin, in ka ga mujalla ɗaya tana buga aikin likitanci da shari'a da kiwon kaji a lamba guda ka san inda ka shigo. Ku masu niyyar koyarwa ku kula tun yanzu don dosiyenku CAMES zai je wata rana, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, can ake duba inda mutum ya buga kafin a ƙara masa girma.

Malam Issoufou: CAMES ɗin da a nan Yamai aka yanke shawarar kafa shi a 1968 kafin a kai hedkwatar Wagadugu, yara da yawa ba su sani ba. Amma ni ina da ƙorafi kan maganar gaba ɗaya. Tun ɗazu intanet intanet, sai ka ce duk ilimi yana can. Zeinabou aikin raya karkara na Keita an fara shi a 1984 da kuɗin Italiya tare da FAO, rahotannin shekarun farko da taswirori da yawa takarda ce, ba wanda ya yi musu sikan. Tarihin yankin kuma Djibo Hamani ya yi aiki a kan Adar kafin zuwan Turawa, IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewa ta Yamai, ta buga a jerin Études Nigériennes a 1975, shi ne ma aka sa wa jami'ar Tahoua sunansa. In ba ki san yadda aka zauna a kwarin nan da yadda ake rabon gona ba yaya za ki gane dalilin da wani ya yi tassa wani ya ƙi? Ki je IRSH ki zauna, ki je AGRHYMET don alƙaluman ruwan sama, ki leƙa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa. Ƙafa ma kayan bincike ce.

Laouali: Malam ai ankadirer ɗin cewa ya yi rahoto ya yi yawa, kai kuma kana ƙara mata rahoto

Malam Issoufou: Bai ce ta zubar da su ba, cewa ya yi su kaɗai ba su isa ba. Artikil zai ba ta mahawarar masana, takardun gida su ba ta abin da ya faru a wurin. Mai bincike da ke Holan yana da na farko ya fi ta, na biyun ne ita ta fi shi

Hajiya Rakia: Nan kam ina bayan Malam. Kuma LASDEL ma, cibiyar binciken zamantakewa, suna nan Yamai tun 2001, jerin Études et Travaux nasu yana shafinsu kyauta, sun yi aiki sosai kan yadda ake tafiyar da mulki da ayyukan raya karkara a ƙauyuka, zai taimaka miki ta ɓangaren mutane ba ramuka kawai ba. Abin da ke damuna dai, ɗalibi sai ya shekara biyar bai taɓa yi wa mai laburare magana ba in ban da "ina ne soket". Sun ɗauka mu masu gadin littafi ne. An koya mana nema, shi ne sana'ar, in kin zo da taken aikinki muka zauna rabin awa za ki fita da abin da za ki yi sati kina lalube ke kaɗai. Amma sai saura kwana kaɗan a ajiye memwar sannan a zo ana kuka.

Abdoul-Aziz: Tanti gaskiya wani lokacin kuma fuskar da ake tarar da mu da ita ce ke kore mu, ka yi sallama a ɗago a kalle ka kamar ka zo bin bashi

Hajiya Rakia: Akwai masu haka ban ce babu ba, kowane aiki da irinsu. In ka tarar da mai ɗaure fuska ka dawo da yamma ka samu wani. Digirinka ne ba nasa ba.

Sani ɗan Keita: Mu nan Tawa babbar matsalarmu koneksiyon ce wallahi, PDF mai mega 15 sai shi kai rabi shi tsaya, forfe ya ƙare ba ka samu komi ba. Dabarar da munka koya ita ce kar ka telesharje sai ka karanta rezime tukun, shi kyauta ne ko ga na kuɗɗi, in bai shahi aikinka ba ka wuce. Mu kan tara jerin waɗanda muka so a takarda, sai dare ya raba layi ya yi sauƙi a sauke su gaba ɗaya a zuba a kile, wanda ya samu shi ba ɗan'uwa

Dr Mahamadou: Kuma don Allah ku riƙa canza wa fayil suna da zarar ya sauka, sunan marubuci da shekara. Na ga ordinatar ɗin ɗalibi PDF sun fi ɗari duk sunansu lambobi, shi kansa bai san wanne ne wanne ba. Zotero, manhajar tsara bibliyografi, kyauta ne, kana kan shafin artikil ka danna sau ɗaya ya ɗauke suna da take da shekara da shafuka, ranar haɗa bibliyografi ya jera maka su a salon da fakulte ke so. Ka dai duba bayansa don wani lokaci yana ɓata sunaye masu aksan.

Nana Hadiza: Na dawo. Cikin 15 ɗin 6 ne suka fito, sauran ko alamarsu. Akwai ma wanda marubucin gaskiya ne amma shi masanin kifi ne, an laƙa masa aiki kan ilimin ƴaƴa mata

Laouali: Hahaha masanin kifi! Allah ya rufa asiri kin duba

Zeinabou: Jama'a Allah ya saka da alheri. Na bi ta bersiyon ɗin nan da Tanti ta ce, wanda aka nemi jika 20 ɗin yana nan kyauta a rumbun wata jami'a, sai dai ba shi da tsarin mujallar, kamar an buga shi a Word ne kuma lambar shafukan daga 1 ta fara. Shi ɗin ne ko wani ne daban? Kuma in zan ambata wane shafi zan sa?

Hajiya Rakia: Shi ne, kwafin marubuci ne. Ki duba shafin farko, in an rubuta cewa shi ne wanda aka amince da shi bayan tantancewa to maganar ciki ɗaya ce da ta mujalla, kwalliya ce kawai babu. In kuma na kafin tantancewa ne ki yi hattara da alƙaluma don suna iya canzawa. A bibliyografi mujallar za ki sa da shekararta da DOI. In za ki ɗauko jimla kalma da kalma wadda ke buƙatar lambar shafi to nan sai kin ga na mujallar, ki kawo mini DOI ɗin in duba miki a AGORA.

Laouali: Ko kuma...

Malam Issoufou: Laouali.

Laouali: Ban ce komai ba Malam

Abdoul-Aziz: Tanti tunda abin ya zama haka me zai hana ki ware mana rana ɗaya ki nuna mana a aikace, Scholar da Zotero ɗin nan, rubutu a waya ba ya shiga kamar a gani

Hajiya Rakia: Asabar da safe ƙarfe 9 in Allah ya kai mu, amma mutum 10 kawai don wurin ba shi da girma, mai so ya yi mini magana a firibe in faɗa masa inda ne. Kowa ya zo da taken aikinsa a rubuce da kalmomin nema biyar, Faransanci da Ingilishi. Wanda bai kawo ba zai zauna kallo ne.

Sani ɗan Keita: Mu na nesa hwa? Wani shi ɗaukar muna bidiyo ko da murya ce, amma a yanka shi guntu guntu don Allah, in ya wuce mega 10 ba shi sauka nan

Dr Mahamadou: Abdoul-Aziz kai ka kawo shawarar, kai za ka ɗauka. Zeinabou in kin tara goma na farko turo mini jerin in gani kafin ki kai wa ankadirer, akwai mujallu biyu a fannin nan da nake so in tabbatar ba su shiga ba.